Taron da ɗalibai suka shirya da kansu

Jiya na wuni a taron fasahar nano, wato fasahar sarrafa ƙananan abubuwan da ido ba ya iya gani, wanda ɗaliban sashenmu na kimiyyar sinadarai suka shirya, kuma har yanzu abin bai bar raina ba. Su suka yi karo-karo suka kama zaure, su suka tantance takardun da aka gabatar, mu malamai kuwa muna layin baya muna saurare.

Wata ɗaliba 'yar aji huɗu ce ta fi jan hankalina. Ta ɗiga ruwan ganyen darbejiya a cikin ruwan sinadarin azurfa mai haske kamar ruwan sha, bayan ɗan lokaci ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, sannan ta bayyana cewa sinadaran ganyen ne suka mayar da azurfar ƙananan ƙwayoyi da ba su wuce nanomita 100 ba, alhali kaurin silin gashi ɗaya ya kai wajen nanomita 80,000. Irin waɗannan ƙwayoyin suna kashe ƙwayoyin cuta, shi ya sa ake saka su a wasu bandejin rufe ciwo.

Da wani farfesa ya tambaye ta yadda ta tabbatar da girmansu, ba ta yi kame-kame ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, launi da na'urar auna haske ne kaɗai shaidata, domin ba mu da madubin lantarki mai nuna ƙwayoyi ƙanana haka." Gaskiyarta ta faranta mini rai, rashin kayan aikin kuma ya sosa mini zuciya. Mun yi alkawarin biyan kuɗin aika samfurinta wata jami'a kafin ƙarshen zango.