Kwamfutar Kawu ta 1983, da yadda na kusa kashe ta

A cikin wata tsohuwar adaka muka same ta, ƙarƙashin takardun makarantar Kawu da wata rigar sanyi da asu ya gama da ita. Kaya muke fitarwa za a gyara rufin ɗakin kafin damina. Baƙa ce, ba ta fi littafin rubutu girma ba, madannanta na roba ne masu laushi kamar abin goge fensir, ga zanen ja da rawaya da kore da shuɗi ya ratsa kusurwar dama. A jikinta an rubuta ZX Spectrum.

Kawu ya karɓa, ya hure ƙurar, ya daɗe yana juya ta a hannu.

"Ina karatu a Ingila na saye ta, a 1983," in ji shi. "Ƙaramar na saya. Har yau abin yana ba ni haushi."

Kamfanin Clive Sinclair na birnin Kambirij ne ya fito da ita a watan Afrilun 1982, kuma iri biyu aka yi: mai mimori 16K a kan fam 125, da mai 48K a kan fam 175. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin burodi ya san wadda zai ɗauka. Sai daga baya Kawu ya gane cewa yawancin wasannin da ake yayi, irin su Manic Miner, ba sa hawa sai a kan babbar. Ya gama karatu ya dawo da ita gida, ta yi 'yan shekaru, wata rana ta ƙi kawo hoto, aka jefa ta adaka.

Ni kuwa gyaran waya ce sana'ata, na haura shekara goma a ciki. Mutumin da ke ɗaga aisi (IC, 'yar ƙwaƙwalwar lantarkin da ake dasawa a cikin na'ura) wanda bai kai ƙwayar gero ba, me zai ji tsoro a na'urar da ƙafafun kayanta suke kamar haƙoran mataji? Na ce, "Kawu, bar min ita. Sati ɗaya." Wata huɗu ta yi a hannuna.

Tun daren farko na yi ɓarnar. Adaftarta ta asali ta ɓace, amma na ga bolt 9 take ci, na kuwa laluba kwalin tarkacen shago na sami adafta mai bolt 9 da bakinta ya shiga daidai, kamar don ita aka yi. Na soka. Ba ƙara, ba tartsatsi, sai wani siririn wari da duk mai gyara ya sani, warin da in ka ji shi ka san kuɗi sun tafi. Na zare da sauri, amma aikin gama ya gama.

Yawancin adaftocin da muke mu'amala da su yanzu, fozitib ne a tsakiyar bakin, negatib a waje. Spectrum akasin haka take: negatib a tsakiya. Kuma babu wani abin kariya a cikinta da zai tare wuta in ta zo a juye. Da na ɗora mita na daƙiƙa biyar, ko na karanta ɗan zanen da ke bayan adaftar, da ban shiga wannan ba.

Washegari na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin, wanda tun muna yara yake rumfarsa. Ya kwance sukurori biyar na ƙasa, ya ɗaga murfin a hankali, ya sunsuna.

"Ka ba ta wuta kafin ka auna ko?"

"Eh, Baba."

"Ku yaran waya ke nan. Komai sauri. Wannan ta girme ka, a gaishe ta tukuna."

Shi ya zaunar da ni ya bi da ni hanyar wutar da bakin sukundireba. Bolt 9 ɗin nan suna shiga wani ragileta mai lamba 7805, ya sauke su zuwa 5, ragowar ya zubar da ita a matsayin zafi ta wani farantin alminiyam. To amma aisi takwas na mimorin ƙasa, wato 16K ɗin da ta zo da shi, masu lamba 4116, wuta iri uku suke buƙata a lokaci guda: bolt 5, bolt 12, da bolt 5 na negatib. Biyun ƙarshen wata 'yar da'ira ce ke ƙera su a cikin fanel, wato allon da aka dasa kayan a kai, da ƙaramin koyil da taransista biyu, TR4 da TR5. In TR4 ya mutu, wutar da waɗannan aisi ke dogaro da ita ta rikice, kuma 4116 ba ya yafe rashin negatib ɗin nan: barin sa a kunne a haka kashe shi yake yi. Baba ya auna. Ragileta ya tafi, TR4 ya tafi. Ko ni na kashe TR4, ko shi ne ciwon da ya kwantar da ita tun farko, ban tsaya jayayya ba, na karɓi laifin duka.

Akwai wani abu da ya ba ni dariya a ranar. Na hango taransista ɗaya an liƙa shi a kan bayan babban aisin Z80, ƙwaƙwalwar kwamfutar, da wayoyi sun bazu kamar ƙafafun gizo-gizo. Na ce lallai wani ɗan koyo ya taɓa yi mata aika-aika, har na ɗauko ƙarfen dalma zan cire. Allah Ya sa na bincika. Ashe daga masana'anta aka yi shi haka. Fanel ɗin Kawu fitowa ta biyu ce, an rubuta Issue Two a jiki, kuma da wannan taransistan aka toshe wani kuskure na ƙira. Da na cire, da na ƙara wa kaina wani ciwon kan.

Kafasita da soket da dalma duk na samu a kasuwar Sabon Gari. Sauran kuwa, ZTX651 da zai maye gurbin TR4, da aisin mimori, da sabuwar shimfiɗar madannai, sai da na jira wani abokina da zai dawo daga Ingila. Rabin wata huɗun nan jira ne.

Kafasitocin duka na canza, domin masu ruwa a ciki ne, kuma shekara arba'in a ɗakin da ke zama tanda duk bazara ta isa ta busar da su. Ɗaya bayan ɗaya na bi su, ina ɗaukar hoto kafin in cire kowanne, saboda su ma suna da gaba da baya. Maimakon 7805 na sa ragileta na zamani, Traco TSR 1-2450, mai ƙafa uku kamar na da, wanda kusan ba ya zafi. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wannan ba ƙawa ba ce. Na kuma manna ɗan ƙarfen shan zafi a bayan ULA, aisin da kamfanin Ferranti ya ƙera musamman don wannan kwamfuta, wanda ke kula da hoto da madannai da kaset ɗin da ake loda wasanni daga ciki. An daina yin na asalin tuntuni. Shi na fi lallaɓawa a duk fanel ɗin.

Wannan karon sai da na auna komai kafin in saki jiki: 5 ta zo, 12 ta zo, negatib ta zo. Sannan na waiwayi hoto.

Spectrum ta kafar eriya take magana da talabijin, a tasha ta 36, ta cikin wani ƙaramin akwatin ƙarfe da ke kusurwar fanel. Talabijin ɗin yanzu da ƙyar suke kama wannan siginar, in ma sun kama sai yayyafi. Gyaran da masu harkar suka saba yi mai sauƙi ne ƙwarai: ka raba akwatin da wayar da ke ba shi wuta, ka ɗauki wayar hoton da ke shiga cikinsa ka bi da ita ta kafasita mai maikrofarad 100 zuwa tsakiyar soket ɗin fita, shi ke nan, sai ka soka a kafar nan mai launin rawaya na bayan talabijin. Wasu sukan ƙwaƙule kayan cikin akwatin su zubar. Ni ban yi ba. Na lanƙwashe wayoyin na rufe su da tef, duk ranar da wani ya so mayar da ita yadda take, aikin minti goma ne.

Na kunna. Hoto ya zo tas, amma ba rubutu, sai dogayen ratsi da ƙananan murabba'ai masu walƙiya. Mimorin ƙasa ya tafi, kamar yadda Baba ya yi hasashe. Na ɗora yatsa a kansu ɗaya-ɗaya, na uku ya kusa ƙona ni.

A nan na yi ɓarna ta biyu, kuma ita ma girman kai ne. Na ɗauko bindigar iska mai zafi da nake aikin waya da ita, na ce in ɗaga aisin gaba ɗaya. Fanel ɗin waya an yi shi don wannan zafin. Na 1983 ba haka yake ba. Aisin ya fito, amma ya taho da siraran layukan tagulla biyu, suna reto kamar zaren gizo. Na zauna ina kallonsu, kunya ta ishe ni ni kaɗai a shago. Kwana biyu na yi ina bin layukan da mita, ina ɗinke su da siririyar waya.

Baba ne ya nuna min yadda ake yi. Aisin da ka riga ka yanke wa hukunci, ba ka neman cire shi da rai. Ka sa ƙaramin almakashin waya ka datse ƙafafunsa goma sha shida, gangar jikin ta faɗi, sannan ka bi ƙafafun ɗaya-ɗaya da ƙarfen dalma kana zarewa, ka zuƙe dalmar ramin. Aisi ake saya, fanel ba a sayensa. Haka na bi sauran bakwai ɗin, na dasa soket a kowane gurbi, yadda gobe in wani ya mutu sai dai a zare a soka.

Ban mayar da 4116 ba. Na sa 4164, wanda bolt 5 kaɗai yake ci, sai dai yana son 'yar dabara: a raba ƙafa ta 1 da fanel, a ɗaga ƙafa ta 8 kada ta taɓa bolt 12, a haɗa ta da ta 9 inda bolt 5 take. Sau takwas, da hannu mai rawa. Da na kunna, allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, ya washe ya koma fari, sai ga rubutu a ƙasa: © 1982 Sinclair Research Ltd. Na yi kabbara har maƙwabcina mai sayar da caja ya leƙo.

Madannai ba su ba ni wahala sosai ba. Tsohuwar shimfiɗar ta bushe, jelarta biyu da ke shiga fanel, mai layi 5 da mai layi 8, sun tsattsage. Wahalar ɗaya ita ce ɗaga farantin ƙarfen da ke saman madannan, wanda da gam aka manna shi, kuma in ka matsa masa ya lanƙwashe har abada. Turawa na'urar busar da gashi suke sa masa. Ni na ajiye ta a rana bayan azahar na 'yan mintoci, gam ya saki da kansa.

Sai babban aikin, wanda saboda shi na karɓo ta: ƙara mata mimori ta koma mai 48K. A fanel ɗin akwai soket goma sha biyu da suka zauna fayau tun ranar da aka ƙera ta, suna jiran mai kuɗin ƙari: takwas na mimori, huɗu na ƙananan aisin da ke tsara zirga-zirga, wato 74LS157 guda biyu, 74LS00 da 74LS32. Wani abin mamaki, mimorin da Sinclair ke sawa a nan asalinsa aisi ne masu 64K da rabinsu ya lalace tun a masana'anta, ya saye su da araha yana amfani da rabin mai kyau. Shi ya sa akwai wata 'yar gadar waya a fanel da ke zaɓar rabin da za a yi aiki da shi. Ni da na sa 4164 lafiyayyu, kowane rabi na zaɓa daidai ne. Na dasa su, na haɗa gadar, na buga PRINT PEEK 23733, umarnin da ke nuna iyakar mimorinta. Mai 16K amsarta 127. Ta ba ni 255, amsar mai 48K.

Wani abokina ya ce wahalar banza nake, in kwashe kayan cikin in dasa Raspberry Pi, 'yar ƙaramar kwamfutar zamani, ta yi duk abin da take yi har da ƙari. Gaskiyarsa ta fuskar aiki. Amma wannan kwanson kwamfutar Kawu zai zama, da baƙo a ciki. Ban huda jikinta ko sau ɗaya ba, kuma duk abin da na cire, har matattun aisin, yana cikin gwangwanin madara a adakar.

Ƙari ɗaya na yarda da shi daga waje, shi ne DivMMC, 'yar na'urar da ake sokawa a bakin faɗaɗawa na baya, ta karanta katin mimori. Sharaɗinta ɗaya: kada a kuskura a soka ko a zare ta kwamfuta na kunne, don layukan wuta da na bayanai maƙwabtan juna ne a bakin nan, gocewa kaɗan ta isa. Na rubuta wannan a takarda na manna a bayanta, saboda jikokin Kawu.

Ranar Juma'a bayan la'asar na kai masa. Na haɗa, na zaɓi Manic Miner daga kati, kafin ya gyara zaman tabaransa wasan ya hau. Ya dubi allo, ya dube ni.

"Ina kukan?"

"Wane kuka, Kawu?"

"Kukan kaset mana. Ai sai ta yi ta tsuwa, gefen allo yana ja da shuɗi, mutum ya je ya haɗa shayi ya dawo."

Na ce ai an wuce wannan zamanin. Ya ce shi bai wuce ba. Dole na kashe ta, na zare DivMMC, na nemo sautin kaset ɗin a wayata, na haɗa waya da kafar EAR da sautin kaset ke shiga, na ƙure ƙara. Kawu da kansa ya danna J, kalmar LOAD ta fito, ya riƙe madannin ja ya danna P sau biyu. Yatsunsa ba su manta ba. Tsuwa ta tashi daga ɗan lasifikarta, gefen allo ya shiga ratsin ja da shuɗi-shuɗi, ya juya zuwa rawaya da shuɗi. Ya jingina da bango ya lumshe ido.

Mun kai minti uku a haka, sai ga kira ya shigo wayar. Maiɗakina ce, tana tambaya ko zan biya in taho da tumatir. Allo ya tsaya cak, ya rubuta: R Tape loading error.

Kawu ya yi dariya har da tari.

"Yauwa, ɗana, yanzu ta gyaru. Kashe kiran nan ka sako daga farko. Ke, a kawo mana shayi!"