Yini Guda a Malham

Asabar, tsakiyar watan Mayu

Goma da rabi na dare. Na yi wanka da ruwan zafi, na murza man zafi a gwiwoyi, amma cinyoyina ba su daina zugi ba. Bari in rubuta kafin barci ya kwashe ni.

Abokina Injiniya ne ya ja ni. Tun makon jiya yake damuna in fito daga ɗakin karatu in sha iska, wai tafiyar ba ta da wuya, kilomita bakwai zuwa takwas, a zaga a dawo inda aka tashi. Da sassafe muka hau jirgin ƙasa daga Lids zuwa Skipton, daga nan bas zuwa ƙauyen Malham a arewacin Ingila. Mutanen wurin ba sa furta harafin h, "Malam" suke cewa. Na ce, "Injiniya, ashe gidan malam za mu, da ka faɗa ai da na riƙo allo."

Farkon hanyar daɗi ne zalla. Mun bi gefen rafi ta cikin makiyaya, tumaki da 'ya'yansu ko'ina, har muka shiga wani kurmi da ƙamshin tafarnuwar daji ya cika shi, sai ka ce ana daka yajin miya. A ƙarshensa akwai ƙaramin ruwa mai zubowa daga kan dutse, Janet's Foss. Wai sarauniyar aljanu ce ke zaune a kogon da ke bayansa. Ashe aljanun Ingila ma bakin ruwa suke so. A da, nan manoma suke wanke tumaki kafin a yi musu sausaya.

Daga nan sai Gordale Scar, wani kwazazzabo da bangayensa suka sunkuyo kan mutum kamar za su rufe shi. Na ga wasu suna hawa ta gefen ruwan da ke zubowa a ciki, da hannu da ƙafa. Injiniya ya kalle ni, na ce masa ni karatu aka turo ni. Muka juyo.

A hawan tudun da ya biyo baya ne na fara haki, shi kuwa ya samu abin yi. Ya tsaya gaban katangar makiyaya, duwatsu ne aka jera ba laka ba siminti, yana shafawa kamar ya ga ɗan'uwa. Basakkwace ne, ya ce wannan dutsen farar ƙasa ne, danginsa ake haƙa a Kalambaina da Ashaka a ƙona a yi siminti. Na nan ya kai shekara miliyan 330. Wurin ƙasan teku ne mai ɗumi a lokacin, ɓawon ƙananan halittun ruwa ne ya taru ya daskare. Ina tsaye cikin riguna uku iska tana yankan kunnena, ana ce mini teku mai ɗumi.

Saman Malham Cove, wani ƙaton bangon dutse mai lanƙwasa, shi ne abin da ba zan manta ba. Ka san yadda tafki yake tsattsagewa idan ya ƙafe da rani? To haka, sai dai dutse ne fari-fari, kowane ɓangare ya kai tabarma, tsakaninsu ramuka, wasu sun isa haɗiye ƙafar mutum har cinya. Ruwan sama ne ya yi wannan aiki. Yana da ɗan tsami kaɗan, sai ya bi tsaga yana narkar da dutsen sannu a hankali. Saman dutsen ƙaf, ba ko ciyawa, amma ka leƙa ramin sai ka ga ganye shar, inda iska da bakin tunkiya ba sa kaiwa. Murfin gorata ya faɗa ɗaya daga ciki, yana can. Na matsa kusa da baki, mita 80 ne zuwa ƙasa kuma babu shinge, na ja da baya da salati. Muka sami ciyawa can gefe muka yi azahar.

Maganar ruwan ce ta tsaya mini a rai. Bayan dutsen akwai kwari mai siffar kogi sak, amma busasshe. Sama da shekara 12,000 da suka wuce, da ƙanƙara ta narke, ta nan ruwa ya bi ya riƙa zubowa daga saman bangon. Yanzu ƙasa ke shanye shi tun kafin ya iso. A Disambar 2015, bayan wani mamakon ruwa, ya sake zubowa na ɗan lokaci, abin da ba mai rai da ya taɓa gani. A gindin bangon kuwa rafi ne yake fitowa daga ƙarƙashin dutse. Kowa zai rantse daga tafkin Malham Tarn da ke sama yake, amma da aka zuba rini aka bi sawu, sai aka ga ruwan tafkin ya nutse ya ɓulla wani wuri kudu da ƙauyen, inda ake kira kan kogin Aire. Wato kogin da nake tsallakawa a Lids ba tare da na ko kalle shi ba. Na tuna kakana da yake zagaya fili yana duba irin bishiyoyin wurin kafin ya ce a haƙa rijiya. Da zai ga nan, da ya kwana yana tambaya.

Saukowa ta matakala ce, kusan 400, kuma ba biyu da tsayinsu ya zo ɗaya. Nan gwiwoyina suka kai ƙara. A ƙasa mun tarar da mutane da madubin hangen nesa suna kallon shaho da ke sheƙa a bangon. Wata tsohuwa ta ba ni na leƙa, ban ga komai ba sai dutse, amma na yi godiya.

A bas Inna ta kira. Na ce mun je hawan dutse. Ta ce me muka je nema. Na ce kallo. Ta yi shiru, can ta ce, "To, Allah ya shirya. Ka ci abinci dai?"