Daren ƙarshe zuwa Tulus da sassan A380

Laraba, zuwa wayewar garin Alhamis, a lokacin da ake ƙera A380, kafin a daina a 2021.

Na iso filin ajiye tireloli bayan la'asar, wajen ƙarfe huɗu da rabi. Shida ne kamar kullum, a jere cikin shinge: biyu ɗauke da fuka-fukai, uku ɗauke da gangar jiki da aka raba gida uku, ɗaya ɗauke da jelar kwance. Jirgin Airbus A380 guda ke nan, ban da jelar tsaye da injuna, waɗanda ba ta wannan hanya suke zuwa ba. Yau ne daren ƙarshe na wannan tafiya zuwa Tulus a kudancin Faransa, inda za a harhaɗa jirgin, kuma a cikinsa ne za mu ratsa garin Lévignac.

Kayan nan sun sha tafiya kafin su zo hannunmu. Fuka-fukan a Broughton ta yankin Wels aka ƙera su, gangar jikin a Hambug da Saint-Nazaire, jelar kwancen kuma daga Sifaniya ta fito ta tashar Kadis. Jirgin ruwa irin wanda ake tura kaya cikinsa a kan taya, kamar Ville de Bordeaux, shi ya kawo su Pauillac a bakin Gironde, mashigar ruwan da ke kaiwa teku. Daga nan sai jiragen kogi biyu, Breuil da Brion, su haura kogin Garonne da su, su shige ta ƙarƙashin tsohuwar gadar dutse ta Bordo. Can ma sai an jira lokaci: in teku ta ciko, kayan za su daki bakan gadar, in ta janye da yawa, jirgin ya zauna a ƙasa. A Langon ruwa yake ƙarewa, aikinmu ya fara. Kusan kilomita 240 ne zuwa Tulus. Jirgin sama na kaya, Beluga, da ke jigilar sassan sauran jirage ba ya iya haɗiye waɗannan, babbar hanyar Bordo zuwa Tulus kuwa gadojin da suka haye ta sun yi ƙasa da yawa. Shi ya sa aka gyara wannan hanya ta musamman, aka fara aiki da ita a 2004, yadda za ta karɓi lodi mai tsayin mita 14, faɗin mita 8, tsawon mita 50.

Tirelar da aka ba ni yau ita ce ta tsakiyar gangar jiki. Aikina bin gefenta da tocila da oba-oba, in faɗa wa direba abin da madubinsa ba ya nuna masa. Amma kafin duhu akwai dubawa, kuma a wurina wannan dubawar ta rana ita ce rabin aikin.

Mun fara da tayoyi, ɗaya bayan ɗaya, da ma'aunin iska, ba da bugun ƙafa ba. Tirelar nan tayoyinta jere suke layi-layi, kowane layi yana juyawa da kansa, kuma ta ciki in ta sace ba a gani daga waje, sai dai maƙwabciyarta ta ɗauki nauyin biyu ta yi zafi. Daga nan muka hau wajen makullan da suka riƙe gadon ƙarfe a bayan tirela. Ba a ɗaure jikin jirgi da sarƙa kamar lodin katako. Sashen yana zaune ne a kan gadon da aka ƙera dominsa, an kama shi a wuraren da masu ƙirar suka ware, gadon ne kuma ake kullewa da tirela. Kowane makulli da kowane noti akwai zanen fenti da ya haye shi, in zanen ya goce, noti ya motsa. Duka suna nan daidai.

A layin taya na biyar ta hannun dama ne na ga danshi. Ba ɗiga yake ba, ƙura ce kawai ta manne a jikin tiyon man haidirolik ta yi baƙi, faɗin yatsa biyu. Makaniki ya goge, ya sa aka karya tayoyin har ƙarshe, sai ga dalili: maƙalin da ke riƙe tiyon ya saki, duk sanda taya ta juya sosai sai tiyon ya goga da bakin ƙarfe. Robar waje ta cinye, wayar ciki ta fara leƙowa. An tokare wannan layi, an rufe bawul, an sauke matsin mai, an sa sabon tiyo, an fitar da iska, an sake gwadawa sau uku hagu da dama. Minti 50. Da a tsakiyar Lévignac ya fashe, da magana ta zama wata.

Abin da ya sa tiyo guda yake da wannan muhimmanci shi ne yadda tirelar take tsayuwa. Ba ta da sifirin. Kowane layin taya a kan silindar mai yake, kuma an haɗa silindojin rukuni uku, kamar duwatsun murhu. Muddin tsakiyar nauyin kayan tana cikin kusurwoyin nan uku, tukunya na zaune. In rukuni ɗaya ya rasa mai, wannan gefe zai sunkuya. Akwai bawul da ke rufe kansa in tiyo ya fashe, amma ko ya yi aikinsa, tirela ta tsaya ke nan a inda take.

Yayana, wanda ya daɗe yana jan tirela tsakanin Kwatano da Maraɗi, ya kira ni ina cikin wanke hannu, ya sake tambayar da yake yi kullum, wai tan nawa ne. Na ce, Yaya, ba nauyin ne ke hana mu barci ba, tsayin ne. Sassan jirgi ciki fanko suke, in an gwada da girmansu ba su da wani nauyi. Amma lodi mai tsayin mita 13 in ya karkata digiri ɗaya tak, samansa ya matsa gefe da santimita 23. Kwalta kuma ba a shimfiɗe take ba, ana karkata ta don ruwan sama ya gangara, kuma gangarar kashi 2.5 cikin ɗari ta isa ta matsar da saman lodin fiye da santimita 30. Ya gane nan take, don ya sha ganin motar da aka yi wa lodin katifa har sama ta sauka gefen kwalta ta kwanta, alhali ba nauyi ne ya kayar da ita ba.

Ƙarfe tara shugaban ayari ya tara mu da jandarmomi. Abin da aka fi tsayawa a kai shi ne iska. Fuka-fukan a tsaye ake ɗaukarsu a kan gefensu, don haka duk iskar da ta zo daga gefe a jikinsu take sauka gaba ɗaya. A wannan yanki akwai wadda suke kira otan, daga kudu maso gabas take tasowa, tana iya yin kwanaki tana kaɗawa. Yau ba ta nan. Hazon sanyi aka ce mu sa rai da shi a kwarin kogin Save.

Mun tashi ƙarfe goma. Hanyar ba a rufe ta gaba ɗaya, yanki-yanki ake yi: jandarmomi a kan babura su tare gaba da duk wata mahaɗa, mu shige, su buɗe baya. A gabanmu akwai motar masu cire alamomin hanya. Allunan nan ba a binne suke da siminti ba, a cikin rami na ƙarfe aka zura su, a zare a kwantar, wata motar a bayanmu ta mayar. Wayoyin lantarki da na tarho an binne su a ƙasa tun lokacin gyaran hanyar. Shataletale kuwa ba ma zagaya shi, akwai hanya ta tsakiyarsa da aka tanada, a buɗe shinge mu miƙe. A fili muna yin wajen kilomita 20 a awa. Wannan sashe ba shi da labari, ƙarar injuna ce da fitilu masu ruwan lemo suna wulgawa a jikin itatuwa.

Bayan L'Isle-Jourdain hazon ya sauko kamar yadda aka faɗa. Direba yana da allo a gabansa da ke nuna masa layin da zai bi ta tauraron ɗan adam, kuma yana taimakawa ƙwarai, amma ba ya ganin reshen da ya sunkuyo tun bayan ayarin da ya gabata. Mun rage gudu da rabi. A wata mahaɗa allo ɗaya ya ƙi zaruwa, yashi da ruwa sun cika raminsa sun kama ƙarfen. Mutum uku da ƙarfen banɓara, minti 12, duk ayarin a tsaye. Tsayuwar tirela shida ba kamar ta mota ɗaya ba ce, kowacce sai ta nemi inda take a daidaice kafin ta ja birki.

Sai Lévignac. Garin ƙarami ne, gidajen bulo a manne da titi hagu da dama. Mutane sun cika gefen hanya a bayan shinge, da yara a wuyan iyayensu, duk da sanyi. Sun saba fitowa, amma tun da aka sanar a Fabrairun 2019 cewa za a daina ƙera wannan jirgi a 2021, taron ya ƙaru. Kafin mu iso an riga an janye wata mota da mai ita ya bari a inda aka hana ajiyewa. Hakan na faruwa, shi ya sa motar janye motoci take shiga gari tun da wuri.

A nan kowa ya sauka ƙasa. Tafiya ta koma ta ƙafa. Gangar jikin A380 faɗinta ya haura mita 7, tsayinta ya haura mita 8 tun kafin a ɗora ta a kan gado da tirela, don haka samanta yana wucewa ne daidai tagogin bene da bakin rufin gidaje. Ni ina dama, wani yana hagu, mai na'urar juya tayoyin baya yana tafe da ita rataye a ƙirji. Ƙa'idar oba-oba a nan ɗaya ce: mutum guda ke ba direba umarni, amma kowa na da ikon cewa tsaya, kuma ba a tambayar dalili sai an tsaya.

A lanƙwasar tsakiyar gari ni na ce tsaya. Tayoyin dama sun gangara wajen magudanar ruwa, ƙasan tirelar yana da sarari sosai, amma da na ɗaga tocila na ga kafaɗar lodin tana kusantar bututun ruwan rufin wani gida. Wanda ke kallon taya kawai ba zai taɓa ganin wannan ba. Mai kula da haidirolik ya ɗaga rukunin dama a hankali, yana kallon ma'aunin karkata, har ƙwayar ta dawo tsakiya. Ina kallo tazarar ta buɗe, daga abin da bai kai tsawon hannu ba zuwa inda hankali ya kwanta. Wata tsohuwa na tsaye a tagar benen da mayafin ulu a kafaɗa, jikin jirgin yana wucewa a gabanta, hasken ɗakinta yana kwance a kansa. Na ce a ci gaba, taku ɗaya ɗaya.

Fuka-fukan nasu ƙalubalen daban ne. Tsawo ne da su, kuma ƙarshensu ya zarce bayan tirela, saboda haka in kan mota ya karya hagu, wutsiyar sai ta share dama. Mai juya tayoyin baya ne ke hana hakan, ya jinkirta juyawa har sai gaba ya fita daga lanƙwasa. In ya yi sauri ciki ya goga, in ya makara waje ya goga. Dukansu biyu sun wuce lafiya.

Daga Montaigut zuwa Cornebarrieu hanya ta buɗe, hazo ya ɗage. Mun shiga harabar masana'antar Jean-Luc Lagardère kafin asuba. Masu karɓa suka zagaya kowane sashe da fitila suna neman ƙarzuwa ko lotsawa, aka sa hannu a takardu, aka zare kawunan motoci.

A littafin aiki na rubuta abu uku na gobe: a duba maƙalan tiyo na dukan layukan wannan tirela, ba na biyar kaɗai ba, a kwashe yashin ramin allon nan na bayan L'Isle-Jourdain a sa masa murfi, sannan a gaya wa ayari na gaba su ɗaga dama tun kafin su shiga lanƙwasar Lévignac. Na yi sallar asuba a gefen motar rakiya, ƙarfe shida da kwata.