Asabar, layi na tara ya ƙi zama

Ƙarfe ɗaya saura na dare, kowa ya yi barci a gidan nan, ni kam idona biyu, abin da ya faru yau a situdiyo ya ƙi fita raina.

Da safe shago na je a kasuwar waya ta Farm Centre kamar kullum, sikirin biyu na canza, oga ya sallame ni bayan la'asar tunda ya san Asabar ranar rikodin ce. A cikin adaidaita na sake bin baitin rap ɗin da na kwana huɗu ina fama da shi, layi 16 a kan yaron da ya baro ƙauye ya zo Kano neman na kansa. Ni ba na zama in ce yau zan rubuta waƙa, magana nake tsinta a bakin mutane, ta ɗan dako, ta kwastoma in ciniki ya yi zafi, in ajiye ta a waya ta kwana biyu tukun in ga ko za ta samu abokiyar tafiya.

Situdiyon ɗakin abokina ne, kwalin ƙwai a bango, makirfo ɗaya, laftop da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio. Ba wuta, sai da muka yi karo-karo muka sayo fetur lita biyu, mu da ba kamfani a bayanmu komai daga aljihu yake fita, shi ya sa in janareta ya tashi ba a ɓata minti ko ɗaya.

Layi takwas na farko suka wuce, a na tara muka maƙale. Akwai inda yaron yake cewa ya shigo gari, amma kiɗan ya bar ɗan gurbi a wurin, ni kuma don in cike shi sai na ja "ga" ɗin. Abokina ya tsayar da kiɗan ya ce "mutumina, saurari kanka, garin tuwo fa ka ce, ba garin mutane ba." Ya maido min na ji, wallahi gaskiyarsa ne, kuma raina ya sosu sosai don wannan ita ce cutar da nake ji a waƙoƙin da yawa daga cikinmu, mu ɗauko kiɗan da aka ɗinka wa Turanci mu cusa Hausa a ciki da ƙarfi, alhali Hausa tana da dogon wasali da gajere, tana da hawa da sauka, ka taɓa ɗaya ma'ana ta gudu.

In an tambaye ni wa ya sa na fara rap nakan ce Tupac, mawaƙin nan na Amurka, kuma ba ƙarya na yi ba, a wayar yayana na fara jin sa, an kashe shi tun 1996 ban ma zo duniya ba, amma a wurinsa na gane cewa labarin unguwarku ma abin waƙa ne. Daga baya su Classiq da DJ AB da B.O.C Madaki suka nuna mana abin yana yiwuwa da harshenmu. Sai dai yau na yarda kunnena ba can aka gina shi ba, a kaset ɗin Baba ne. Shata, Ɗan Anace yana wasa ɗan dambe Shago, Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Ina yaro ina ganin kiɗan tsofaffi ne, ashe yana shiga. A wurin Shata kalangu ne ke bin baki, abin da ya faɗa shi kiɗan ke maimaitawa, ba a taɓa karya kalma don a faranta wa ganga.

Sai na ce a kashe kiɗan gaba ɗaya. Na faɗi layin kamar ina yi wa ɗan dambe kirari, ina buga tebur da tafin hannu duk inda muryata ta sauka da kanta, sau biyar ko shida, abokina kuma yana kallon hannuna yana matsar da bugun a kwamfuta har ya dawo ƙarƙashin maganar. Da muka sake ɗauka tsigar jikina ta tashi. Ko minti goma ba a yi ba janareta ya mutu.

Na dawo na tarar da Baba a ƙofar gida kan tabarma da rediyonsa. Ban taɓa kunna masa waƙata ba, yau na durƙusa na gaishe shi na miƙa masa wayar. Ya saurara har ƙarshe bai ce komai ba, sannan ya ce "wannan na tsakiyar ka faɗe shi kamar mutum, sauran kuwa gudu kake kamar ana korar ka."

Takwas ɗin farko kenan sai an sake su. Na riga na gyara biyu a nan kan katifa ina buga cinya a hankali kar in tashi ƙanina, saura shida, da kuɗin fetur na Asabar mai zuwa.