Ma'aunin kitse da na saya a Yamai

Ranar da aka auna mini jini aka ce ya ɗan hau, likitan bai rubuta mini magani ba. Tumbina ya duba, ya ce, "Alhaji, ka rage wannan, ka dawo bayan wata uku." Shekarata 46, a shagon atamfa nake yini cikin Babbar Kasuwar Yamai, ga shayi mai sukari zubi uku, ga shinkafa da rana, ga gasasshen nama da dare. Ba sai an yi mini dogon bayani ba. Maganar ta tsaya mini a rai, don mahaifinmu hawan jini ne ya kwantar da shi a Tawa.

A makon nan na sayi ma'auni irin na zamani, mai fuskar gilashi da ƙarafa huɗu masu ƙyalli inda ake ɗora tafin ƙafa. Jaka 18 na biya. Mai shagon ya ce nauyi ƙaramin aikinsa ne, zai faɗa mini kitse, da tsoka, da ruwan jiki, har da nauyin ƙashi, ya turo komai cikin salula. Na shigar da tsawona, santimita 172, da shekaruna, da cewa ni namiji ne. Na hau ba takalmi. Ya nuna kilo 88, kitse kashi 29 cikin ɗari.

Da dare na dawo daga kasuwa na sake hawa, sai ya ce kashi 26. Na yi murna ƙwarai, har na kira uwargida ta zo ta gani. Ta dubi allon, ta dube ni, ta ce, "Maigida, kai da ka cinye kwanon dambu ɗazu?" Washegari da asuba ya koma 29.

Haka muka yi ta yi da shi. A cikin hunturu, da kaushi ya farfasa mini dundunniya, wani lokaci nauyi kaɗai yake nunawa ya yi shiru, sai na shafa jiƙaƙƙen tsumma a ƙafa kafin ya yarda ya ba da sauran. Da na ɗora shi kan darduma, nauyin ma ya canza, sai da na mayar da shi kan daɓen siminti. Wanda ya fi damuna shi ne na azumi. Bayan la'asar, baki ya bushe, nauyi ya sauka da fiye da kilo ɗaya, amma kitsen ya hau. Mutum bai sa komai a bakinsa ba tun sahur, ta ina kitse ya shiga?

Ƙanena, wanda ya karanta aikin likita a Jami'ar Abdou Moumouni, shi ya warware mini. Ya zo shan ruwa, na kai masa ƙara. Ya ce, "Yaya, abin nan ba ya ganin kitse. Lantarki yake aunawa, sauran duk lissafi ne."

Ga yadda na fahimta. Ma'aunin yana tura lantarki ɗan kaɗan, wanda ba a ko jin sa, ya shiga ta ƙafa ɗaya ya fita ta ɗayar. Lantarki yana bin ruwa cikin sauƙi. Tsoka kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ce, kitse kuwa ruwansa kaɗan ne, don haka yana tare hanya. Na'urar tana auna yawan tarewar nan, ta haɗa da tsawo da shekaru da jinsin da ka shigar, ta zuba cikin lissafin da masana'anta suka ɗora mata, sannan ta fito da lamba. Lissafin kuma daga jikin wasu mutane aka gina shi, waɗanda ƙirarsu ba lalle ta zo ɗaya da taka ba. Lambar ƙashi da wadda ake kira shekarun jiki duk daga wannan awo guda ake ƙiyasta su.

Nan na gane komai. Da azumi ruwan jikina ya ragu, lantarki ya sha wuyar wucewa, na'urar ta ɗauka kitse ne. Da dare kuwa, bayan yinin tsayuwa ana warware turmi ana ninkewa, ruwa ya taru a ƙafafu, hanya ta buɗe, sai ta ce na rame. Mu da ke garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, muna zufa tun daga safe, ruwan jikinmu ba ya zama wuri ɗaya ko na yini guda.

Akwai abin da ƙanen nawa ya ƙara faɗa wanda ya fi taɓa ni. Lantarkin gajeriyar hanya yake bi, ya hau wannan ƙafa ya sauka ta waccan. Ciki kusan bai shiga lissafinsa ba. Ni kuwa ƙafafuna sirara ne, kayana duk a tumbi suke, kuma kitsen ciki shi ne mai alaƙa da ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya. Wurin da likita ya nuna mini da yatsa, nan ne ma'aunin ya fi rauni. Ƙanena ya ce masu bincike da na'urar DEXA, mai aiki da hasken hoton ƙashi, suke gwada irin waɗannan ma'aunai, kuma abin da ake yawan samu shi ne nauyi yana fitowa daidai, kitsen kuwa yakan kauce, wani sama wani ƙasa.

Ya kuma ja mini kunne, kuma ina so kowa ya ji wannan: wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya kada ya hau irin wannan ma'auni. Mai juna biyu ma ba a shawartarta da shi. Mai shagon bai ce mini komai a kai ba, kuma na tabbata shi ma bai sani ba.

Kafin ya tafi ya sa aka aro igiyar awo wurin telan da ke ƙofar gidanmu. Ya laluba tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, ya zagaya, ya ce in saki numfashi, kada in shanye ciki. Santimita 101. Ya ce ƙa'idar mai sauƙi ce, zagayen ƙugu kada ya kai rabin tsawon mutum, nawa ke nan ya kamata ya yi ƙasa da 86. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ɗaukar 94 a matsayin farkon haɗari ga maza, 80 ga mata. Wannan lambar ta girgiza ni fiye da duk waɗanda salula ta tara mini.

Ban jefar da ma'aunin ba. Yanzu sau ɗaya nake hawa a mako, ranar Juma'a da asuba, bayan na zaga, kafin in ci ko in sha, a kan daɓe ɗaya. A haka lambar kitsen ta daina tsalle sosai, kuma in an duba ta wata da watanni tana nuna inda aka dosa. Amma da a ce yau zan saya, na nauyi zalla zan ɗauka, in haɗa da igiyar tela, ragowar kuɗin in sayi takalmin tafiya. Maƙwabcina na kasuwa da ya tambaye ni, haka na gaya masa.

Na rage sukarin shayi zuwa rabi, naman dare ya koma na ranar Lahadi, kuma sau uku a mako ina zagaya filin wasa na Seyni Kountché da ƙafa kafin rana ta ɗaga. Na makara da komawa wurin likita, sai bayan wata biyar na je. Nauyi kilo 83, ƙugu santimita 95, jinin kuma ya sauka. Igiyar awon tana rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗaki, na sayi tawa na mayar wa tela tasa. Saura santimita 9 kafin in kai rabin tsawona.