Gwajin gaggawa na dafin da ke cikin kawar teku

Mu a Kaduna teku ta yi mana nisa, amma abincinta yana iso mu, domin motocin sanyi suna tasowa daga Legas da Fatakwal da Kalaba da kifi da jatan lande, wani lokaci har da kawa da danginta masu ɓawo biyu. A wurin waɗannan na ƙarshe damuwata take. Kawa tana tace ruwa ne ta ci abin da ke ciki, kuma idan wasu ƙananan tsirrai na teku, waɗanda ido ba ya gani, suka yi ambaliya, takan tara dafinsu a jikinta ba tare da ita kanta ta nuna alamar ciwo ba. Launi ba ya canzawa, wari ba ya tashi, kuma tafasawa ko suya ko ajiya a firiza ba sa karya wannan dafi.

Mafi haɗari shi ne saksitoksin, wanda ke toshe hanyar saƙo a jijiyoyi. Mutum yakan fara jin leɓɓansa da harshensa sun yi sanyi kamar ba nasa ba cikin kimanin rabin awa, sannan gaɓoɓi su saki, idan abin ya yi tsanani numfashi ya tsaya. Babu makarinsa, sai dai a riƙe majinyaci da na'urar numfashi har jiki ya fitar da shi. A 1987 ya kashe mutum 26 a gaɓar tekun Guwatemala. A shekarar ce kuma wani dafin daban, asid ɗin domoyik, ya kwantar da mutum fiye da 100 a Kanada bayan sun ci wani dangin kawa daga tsibirin Prince Edward, uku suka rasu, wasu kuma suka tashi ba sa iya riƙe sabon abu a ƙwaƙwalwa. Tarayyar Turai ta kafa iyaka: maikirogiram 800 na saksitoksin, da miligiram 20 na domoyik, a kowane kilo na naman kawa.

Shekaru da dama da ɓeraye ake gwaji, a yi musu allurar ruwan naman, a riƙa duba agogo a ga lokacin da za su mutu. Daga baya manyan na'urorin tantance sinadarai suka karɓi aikin, sai dai suna da tsada, suna buƙatar ƙwararru da wutar lantarki marar yankewa, kuma kafin samfur ya je ya dawo kaya sun riga sun shiga kasuwa.

Gwajin gaggawa ɗan tsinke ne irin na gwajin zazzaɓin cizon sauro da muka saba gani a kemis. Ana niƙa naman, a tatso ruwansa, a ɗiga a kan tsinken, cikin ƙasa da awa guda sakamako ya fito. Amma karatunsa a juye yake, kuma wannan wuri ne da ya kamata a koyar da shi da kyau: a yawancin irin waɗannan tsinkaye, layi biyu na nufin dafi bai kai matakin damuwa ba, ɓacewar layin gwaji kuwa ita ce ke nuna akwai shi. Kowane tsinke kuma dangin dafi guda yake ganewa, saboda haka na saksitoksin ba zai ce komai game da domoyik ba. Yakan kuma yi kururuwa a kan kayan da ba su kai iyaka ba, shi ya sa ake tura duk samfurin da ya nuna alama zuwa ɗakin bincike domin tabbatarwa.

A ganina wurin da ya dace da wannan tsinke shi ne bakin ruwa, inda masunta ke sauke kaya, domin a can ne ake sanin ranar da aka kwaso su da mashigar da suka fito. Idan buhu ya iso Kasuwar Gumi ya gauraye da wasu, wannan bayani ya ɓace. Hukumar NAFDAC da cibiyar binciken teku ta NIOMR da ke Legas su ne suka fi cancanta su jagoranci horar da masu gwajin, su kuma sa takardar shaida ta riƙa bin kowane lodi har zuwa hannun dillalin Kaduna.