Abin da yadi mai gashi ya koya mini a teburin yanka

Duk yadin da aka saƙa a masaƙa yana da zare iri biyu, na tsaye da na kwance. Karammiski da danginsa suna da na uku, wanda ba ya kwanciya tare da sauran, sai ya miƙe ya zama gashi a fuskar yadin. Shekarun da na yi a ɗakin yanka da ɗinki, inda muke haɗa riguna da labule da rigunan kujeru, sun nuna mini cewa kusan duk rigimar da ke tasowa da irin wannan yadi daga zaren nan na uku take fitowa: daga ina ya taso, me ke riƙe da gindinsa, kuma ina ya karkata. Sunan da aka rubuta a takardar yadi bai cika amsa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Gashin karammiski na ainihi daga zaren tsaye yake. A masana'antun yanzu ana saƙa ƙyalle biyu a lokaci guda, ɗaya sama ɗaya ƙasa suna fuskantar juna, zaren gashin yana hawa yana sauka tsakaninsu yana ɗaure su. Sai wuƙa ta riƙa kai da komo a tsakiya tana raba su, kowane ya fito da nasa rabin gashin. Tsohuwar hanyar ta fi wannan cin rai. Masaƙi zai cusa siririn ƙarfe a ƙarƙashin zaren, ya saƙa a kansa, zaren ya yi madauki, sannan ya bi tsagin da ke bayan ƙarfen da reza ya yanke. Idan ya zare ƙarfen bai yanka ba, madaukan su zauna yadda suke. Masaƙan Benis da Janowa da Fulorans a Italiya, da na Bursa a ƙasar Turkiyya, sun yi suna tun ƙarni na 15 wajen saƙa karammiski, na Italiya kuma sukan haɗa yankakke da wanda ba a yanka ba a ƙyalle ɗaya, fure ya fito da duhu a kan fili mai haske alhali launin zaren ɗaya ne. Mai wannan saƙa da hannu yakan yini bai cika rabin mita ba. Tun da na san haka nake ɗaga almakashi a kan karammiski da nutsuwa, ko da na inji ne.

Belbetin da koduroi kuwa gashinsu daga zaren kwance yake. Ana barin zaren ya tsallake 'yan zaruruwan tsaye ba tare da ya shiga ba, bayan an sauke yadin daga masaƙa a bi a yanke wuraren da ya tsallake, a goge su da buroshi su tashi. A belbetin gashin ya baje ko'ina, gajere ne, yawanci na auduga, kuma ba ya ƙyalli kamar karammiski. A koduroi an jera shi layi-layi, akwai kwari tsakanin kowane layi biyu. Da yawan layukan da ke cikin inci ɗaya ake auna shi: wajen 11 shi ne matsakaici, 16 zuwa sama siriri ne na riguna, ƙasa da 8 kuma mai kauri ne da ya dace da wando ko kujera. Birnin Manchesta na Ingila ya daɗe yana fitar da shi a ƙarni na 19.

Tawul ma ɗan gidan ne, ko da yake mutane ba su cika kawo shi cikin lissafi ba. Madaukansa ba a yanka su. Ana sassauta zaren gashin a masaƙa, a jefa zaren kwance sau uku sannan a buga su gaba ɗaya, sai sakakken zaren ya tattare ya yi madauki a fuska biyu. Kamfanin Christy na Ingila ya fara yin sa da inji bayan an ga irinsa a Istanbul, aka kuma nuna shi a babban baje kolin Landan na 1851. Akwai tawul ɗin da ake aske fuska ɗaya don ta yi santsi ta karɓi zane. Yana da kyau a ido, amma askakkiyar fuskar ba ta shan ruwa kamar mai madauki. Na sha faɗa wa masu saye haka, wasu su ji, wasu kyan ya rinjaye su.

Fulash gashinsa ya fi na karammiski tsawo, amma bai kai shi cunkoso ba. A da da ulu ko gashin akuyar Angora ake yin sa, kuma da irin wannan kamfanin Steiff na Jamus ya ɗinka 'yar tsanar beyar ɗinsa a 1902. Yanzu mafi yawansa foliyesta ne.

Sauran da ke kama da waɗannan ba duka ba ne 'yan uwa na jini. Belur yawanci saƙa ce irin ta suwaita, shi ya sa yake miƙewa idan an ja shi. Fulanel ba shi da zare na uku ko kaɗan; shi da filis, fuskarsu aka karce da buroshin waya har zaren ya yi gashi. Filis ɗin da ake rigunan sanyi da shi ya fito ne daga masaƙar Malden Mills a Amurka wajen 1979. Shanil kuma gashin a jikin zaren kansa yake tun kafin a saƙa. Sai na ƙarshe, wanda na fi jan kunnen mutane a kansa: wanda ake shafa wa ƙyalle gam, a watsa masa gutsattsarin zare da ƙarfin lantarki su tsaya a tsaye. Sabonsa yakan ruɗi ido sosai. Ka sa shi a hannun kujera, kafin a jima wurin da ake dafawa ya yi sanƙo, kuma babu gyara.

Maigidana, wanda a hannunsa na koyi aikin, ba ya barin ɗan koyo ya yanke hukunci da shafa fuskar yadi. Yakan ce, "Yaro, juya bayansa ka gani." Sai ya lanƙwasa ƙyallen a kan yatsa har gashin ya buɗe, ya duba ko ƙasan yana leƙowa. Idan ƙasan ya fito fili da ɗan lanƙwasa kaɗan, gashin ba shi da yawa. Daga nan ya je bakin da aka yanka, ya tsinko ƙwayar gashi ɗaya da farce ya ɗora a tafin hannu. Wata za ka gan ta kamar harafin V, wato zare ɗaya kawai ta zagaya. Wata kamar W, ta ratsa zare uku, ƙasa da sama da ƙasa. Mai V takan ba da gashi mai cunkoso da kyan gani, amma tana saurin zarewa idan ana gogar bayan yadin. Mai W ta fi riƙo. Wannan ɗan gwaji ba ya cin minti ɗaya, amma shi ke raba yadin da zai yi labule da wanda zai jure zaman kujera. A ganina duk mai sayar da irin wannan kaya ya kamata ya iya shi, domin wanda ya biya kuɗinsa yana da haƙƙin sanin abin da ya ɗauka.

Darasin da ya fi tsaya mini shi ne na kwanciyar gashi. Kamar bayan kyanwa ne: ka shafa ta wani ɓangaren ya kwanta lumui, ka dawo ta ɗayan ya tashi. Haske ma haka yake bi. Idan gashin ya kalli sama a jikin riga, ido yana kallon cikin tsinin gashin ne, launin ya yi zurfi ya yi duhu. Idan ya kalli ƙasa, haske ya zame a gefen gashin, launin ya yi fari-fari da sheƙi. Ƙyalle biyu daga bandir ɗaya, a juya ɗaya, za ka rantse rini daban aka yi musu. Saboda haka kafin a taɓa almakashi muna zana kibiya da alli a bayan yadin daga farko har ƙarshe, kowane yanki na riga ya bi kibiyar. Ba a juya hannun riga a cusa shi a wani lungu don tsimin yadi, yadda ake yi da yadi mara gashi. Wannan na nufin dole a sayi yadi fiye da yadda aka saba, kuma gara a gaya wa mai kaya tun farko. Ni na fi son gashin ya kalli sama a rigar ado saboda zurfin launi, ya kalli ƙasa a wando da kujera saboda ya fi jure guga da jiki.

A keken ɗinki ma gashin ba ya barin mutum ya huta. Idan aka haɗa fuska da fuska, gashin wannan yana tura na wancan, sai ƙyallen sama ya riƙa tafiya a hankali, ka kai ƙarshen ɗinki ka tarar ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Maganinsa a fara kama shi da allura da zare da hannu, a sassauta matsin ƙafar keke, a ɗinka ta inda gashin ya kwanta. Farke ɗinki kuwa yakan bar tabo, don haka a gwada a kan ragowar ƙyalle tukuna. Dutsen guga ba ya sauka a fuskarsa. Tururi ake ba shi ta baya, ko a kifa shi a kan allo mai ƙananan allurai da aka yi don wannan aiki, in babu a kifa shi a kan wani ƙyallen karammiskin. A wurin ajiya ba a ninke shi a danne, rataye shi ake yi ko a naɗe shi sako-sako.

Akwai kuma bambanci tsakanin yadda aka saƙa yadi da abin da aka saƙa shi da shi, kuma nan ne ciniki ya fi ruɗewa. Karammiski salon saƙa ne, ana yin sa da siliki ko auduga ko biskos (zaren da ake sarrafawa daga itace) ko foliyesta. Yawancin abin da ake kira karammiskin siliki a yau ƙasansa ne kawai siliki, gashin biskos ne. Wannan haɗin ne ma ya sa ake iya yi masa zane da sinadarin da ke cinye biskos ya bar siliki, sai fure mai gashi ya tsaya a kan fili shara-shara. Gashin biskos yana da sheƙi mai daɗin kallo, amma ɗigon ruwa kan kwantar da shi ya bar alama. Na auduga ba ya ƙyalli sosai, sai dai yana da juriya. Na foliyesta yana wankuwa, gashinsa yana tashi bayan an danne shi, amma zafin guga na iya narka shi.

Idan mai kaya ya zo yana neman yadin kujerar da za a yini ana zama a kanta, nakan ba shi misalin moket, yadin da ke kan kujerun jiragen ƙasa da bas-bas na Landan. Mafi yawansa ulu ne da ɗan nailan, gashinsa gajere ne a cunkushe, sau da yawa an gauraya yankakke da mai madauki, an kuma yi masa zane mai launuka da yawa don datti kada ya nuna. Ba shi da laushin fulash, kuma ba wanda zai shafa shi ya yi sha'awa. Amma dubban mutane na zama a kansa kullum har shekaru. Da wannan nake roƙon mai kaya ya fara gaya mini wa zai zauna a kujerar, sau nawa a rana, akwai yara ko babu, kafin mu buɗe littafin samfur mu shiga zaɓen launi.